Darasi Na Wannan Wata: Mai Bi A Layin Filin Jirgin Sama

Karatu: Markus 6:35-44, Farawa 13:5-12, Yakubu 2:1-9.
Ayar haddacewa: Romawa 12:10.

Kowace shekara, bayan Kirsimeti ya wuce, 'yan'uwanmu da yawa waɗanda suka zo gida ganin dangi sukan ɗaure kayansu su koma wuraren aikinsu. Waɗansu za su Legas, waɗansu Fatakwal, waɗansu kuwa har Ingila ko Amurka. A 1925 ne jirgin sama ya fara sauka a Kano, a 1936 kuma jiragen kasuwa suka soma zuwa a kai a kai. A zamanin nan sai Turawa da manyan ma'aikata suke hawa. Yau kuwa malamin makaranta, da ɗalibi, da tsohuwa mai zuwa ganin jikanta, duka sukan hau.

Amma kafin mutum ya sa ƙafa cikin jirgi, dole ya bi ta wani tebur inda ma'aikatan kamfani suke duba tikitinsa da takardunsa, su auna kayansa a sikeli, su ba shi kati mai lambar kujerarsa. A gaban wannan tebur ne ake yin layi. Wanda ya taɓa tsayawa nan a makon farko na Janairu ya san abin da muke faɗi. Layi ɗaya yakan zama huɗu, huɗun kuma su cakuɗe su zama taro marar kai. Wani yana tura keken kayansa a diddigen na gabansa. Wata ta buɗe akwatinta a ƙasa tana fitar da daddawa da garin kuka domin awo ya yi yawa. Ga mai babbar riga ya wuce kowa, ɗan rakiyarsa yana buɗe masa hanya, sauran jama'a suna ta ihu.

Wataƙila mai karatu zai ce, ina ruwan Ekklesiya da layin jirgi? Da ruwanta ƙwarai. Gama mutumin da ya raira waƙa a gaban jama'a ran Kirsimeti, shi ne kuma za a gani ran 3 ga Janairu yana bangaje tsoho yana zagin ma'aikaciya. A majami'a kowa ya san mu, saboda haka muna lura da halinmu. A filin jirgi ba wanda ya san mu, ga gajiya, ga baƙin cikin rabuwa da gida, ga tsoron kada jirgi ya tashi ya bar mu. A irin wannan wuri ne abin da yake cikin zuciya yakan fito fili.

1. ABIN DA YAKE KAWO CUNKOSO

Ya kamata mu san dalilin abu kafin mu yi fushi da shi. Bari mu yi ɗan lissafi. A ce jirgi zai ɗauki mutum 240, tebur 4 ne a buɗe, kowane fasinja kuma yana cin minti 3. Kowane tebur zai sallami mutum 60, wato minti 180, awa 3 ke nan cif. Domin wannan ake ce wa masu zuwa ƙasar waje su iso awa 3 kafin tashi. To, a ce a cikin kowane mutum 10 akwai ɗaya wanda bai shirya ba, yana neman fasfo a ƙasan jaka ko yana gardama a kan awo, har ya ci minti 10 maimakon 3. A kowane tebur an ƙara minti 42 ke nan. Ga shi yawancin kamfanoni sukan rufe tebur kamar awa 1 kafin tashin jirgin ƙasar waje, domin a sami damar loda kaya da lissafin nauyin jirgi. Gama matuƙi ba zai tashi ba sai ya san nauyin da ya ɗauka da yadda aka raba shi gaba da baya.

Akwai kuma dalilan da ba laifin fasinja ba ne. A watan Disamba da Janairu hazo yakan rufe Kano, da Kaduna, da Jos, har jirgi ya kasa sauka. Sa'an nan fasinjan safe da na rana da na yamma su taru a ɗaki ɗaya, kowa yana ganin shi ya kamata a fara sallama. Wani lokaci kwamfuta takan tsaya, ma'aikata su koma rubutu da hannu. Wani lokaci kamfani yakan buɗe tebur biyu inda ake bukatar shida, ko kuwa ya bar mutane awa da awoyi ba wanda ya fito ya gaya musu abin da ake ciki. Har wa yau kamfanonin jiragen sama a ƙasashe da yawa sukan sayar da tikiti fiye da yawan kujeru, suna sa rai waɗansu ba za su zo ba. Ranar da kowa ya zo, sai a bar wani a ƙasa.

Ashe laifin ya rabu uku: na yanayi, na kamfani, da namu. Ba mu da iko a kan hazo. A kan kamfani muna da ikon kai ƙara, za mu kuma yi maganar wannan a gaba. Amma kashi na uku yana hannunmu sarai, a kansa kuma Ubangiji zai tambaye mu.

2. TARO BIYU MASU YUNWA

Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin taro biyu masu yunwa. Na fari yana cikin 2 Sarakuna sura 7. Suriyawa sun kewaye Samariya da yaƙi har yunwa ta yi tsanani. Annabi Elisha ya yi shelar cewa kashegari abinci zai yi araha a ƙofar birni, amma wani babban dogarin sarki ya ƙi gaskatawa. Da dare Allah ya firgita Suriyawa suka gudu, suka bar sansaninsu cike da abinci. Kutare huɗu suka kawo labari. Sarki ya sa dogarin nan ya tsare ƙofa, jama'a kuwa suka ruga a guje, suka tattake shi har ya mutu. Babban abin koyo a nan shi ne hukuncin rashin bangaskiya. Amma mu lura da wannan kuma: abincin ya isa har farashi ya faɗi ƙasa, duk da haka an yi kisa a bakin ƙofa, gama kowa yana tsoron kada ya ƙare kafin ya iso.

Taro na biyu yana cikin karatunmu na Markus sura 6. Maza dubu 5 suna wurin da ba gari, rana ta yi nisa, abincin da aka samu kuwa gurasa 5 ne da kifi 2. Da a ce almajirai sun ɗaga kwandon sama sun ce kowa ya zo ya ɗiba, da an karya ƙafafun yara. Amma kafin Yesu ya gutsuttsura gurasa, sai da ya umarta a zaunar da mutane a kan ɗanyar ciyawa ƙungiya ƙungiya, waɗansu ɗari ɗari, waɗansu hamsin hamsin. Ka tuna da mutanen ƙungiya ta ƙarshe. Suna zaune suna kallon waɗansu suna ci, su ba a kai gare su ba tukuna. Me ya hana su tashi su yi wawa? Sun ga hannun da yake rabawa, sun kuwa ga abincin ba ya raguwa. Kowa ya ci ya ƙoshi, har aka kwashe ragowa kwando 12.

A Samariya abinci ya yi yawa, aka tattake mutum. A gaban Yesu abinci ya yi kaɗan, aka zauna lafiya. Tsoro ne ya bambanta su. Haka yake a filin jirgi. Mutumin da yake riƙe da tikiti mai kyau, ya kuma iso da wuri, kujerarsa tana jiransa. Ko shi ne na fari a layi ko na hamsin, jirgi ɗaya za su shiga, a minti ɗaya kuma za su sauka. Duk da haka zuciyarsa tana ce masa, "In ba ka kutsa ba, za a bar ka." Mai bin Yesu yana da amsar da zai ba zuciyarsa. Ubansa na sama ya san ranar da aikinsa zai soma, ya san kuɗin tikitin da wahalar da aka sha kafin a tara shi. Ko da abin da ake tsoro ya faru, jirgi ya tafi, Allah bai tafi tare da jirgin ba.

3. LAYI YAKAN FARA DAGA GIDA

Yawancin masu turereniya makararru ne, yawancin makararru kuwa a gida aka makarar da su. Mun san yadda bankwana take a wurinmu. An ce za a tashi da ƙarfe 7, sai Inna ta ce ba za a fita ba sai an sha kunu. Sai a tuna ba a gai da Kawu ba. Sai maƙwabta su shigo da tasu addu'a. Zumunta abu ne mai kyau, amma wannan ba sabon abu ba ne. A Farawa 24:54-59, sa'ad da baran Ibrahim ya tashi komawa da Rifkatu, uwarta da ɗan'uwanta suka roƙa a ƙara musu kamar kwana 10. Baran ya roƙe su da ladabi kada su tsai da shi, tun da yake Ubangiji ya arzuta tafiyarsa. Suka sa mata albarka, suka sallame su. Mu ma mu koyi yin bankwana tun daren jiya, a gai da kowa, a yi addu'a a natse, domin da safe sai fita kawai. Ku kuma iyaye da dangi, ƙauna ce ku saki mai tafiya a kan lokaci. Masu bi na Taya sun raka Bulus har bakin teku, da matansu da 'ya'yansu, suka durƙusa suka yi addu'a, sa'an nan suka bar shi ya shiga jirgi, su kuwa suka koma gida (Ayyukan Manzanni 21:5-6).

Sai maganar kaya. Kowace gwaggo tana so ta sa nata a akwati: kuɓewa busasshiya, yaji, garin kunu, zuma, man shanu, kilishi. Ƙin karɓa yana da wuya. Amma sikeli ba ya jin kunyar gwaggo. A tafiyar ƙasar waje kamfanoni da yawa sukan yarda da kilo 23 ga kowane akwati, ba su kuwa karɓar akwati ɗaya da ya wuce kilo 32 ko da za a biya, saboda bayan masu ɗaukarsa. A tafiyar cikin gida awon yakan kasa haka. Abin da aka yardar maka yana rubuce a tikitinka. Ka karanta shi, ka ari sikeli a wurin mai sayar da hatsi ko a asibitin gari, ka auna tun a gida. Abin da ya yi yawa ka bar wa ƙannenka da hannunka, ya fi a ce ka zubar da shi a kwandon shara a gaban jama'a.

Ka kuma san abin da aka hana. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai ba su yarda matafiyi daga ƙasashenmu ya shigo da nama ko abin da aka yi da madara ba, Amurka ma tana da doka mai tsanani a kan nama. Kilishi da man shanu suna cikin wannan. Tun 2006 filayen jirgi da yawa ba su barin abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 a jakar hannu. Batirin cajin waya kuwa a jakar hannu ake sa shi, ba a akwatin da za a loda a cikin jirgi ba, domin yakan kama wuta. Ƙasashe da yawa suna so fasfo ya kasance da sauran wata 6 kafin ya ƙare, waɗansu kuma sukan nemi katin allurar shawara. Kamfanoni da yawa sukan bar mutum ya tabbatar da kujerarsa ta waya ko intanet tun kwana ɗaya kafin tafiya. Wanda ya yi haka ya rage wa kansa tsoro, ya kuma rage wa na bayansa jira. Shiri ma ƙaunar maƙwabci ne.

Akwai abu ɗaya da ya fi waɗannan duka nauyi, wato saƙo. Wani zai zo ya ce, "Don Allah ɗan ƙunshin nan, ka kai wa ɗana, magani ne kawai." Wani ma a cikin layi zai same ka ya ce kayansa sun yi yawa, naka kuwa ba su cika ba, ka taimaka ka sa wannan da sunanka. A tebur ko a wurin bincike akan tambayi matafiyi ko shi ya shirya kayansa da kansa, ko wani ya ba shi abu ya kai. In ka karɓi abin da ba ka buɗe ba, ka kuma amsa cewa ka san dukan abin da yake ciki, ƙarya ka yi. In kuwa aka sami ƙwaya a ciki, sunanka ne a jikin akwatin. Akwai ƙasashe, kamar Saudiyya da Singafo, inda hukuncin safarar ƙwaya yakan kai ga kisa. Saboda haka ga ƙa'ida: saƙon ɗan'uwa, a buɗe shi a gabanka tun a gida, saƙon baƙo a filin jirgi, kada ka taɓa shi ko da ya yi kuka. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

4. JARABA UKU A CIKIN LAYI

Ta fari ita ce tsallake layi. Mutane ba su ɗauke ta zunubi ba, suna ce da ita wayo. Amma bari mu sake lissafi. In ka shiga gaban mutum 40, ka ci minti 3 a tebur, ka ƙwace wa kowannensu minti 3, jimla minti 120 ke nan, awa 2 na ran mutane. Wataƙila na ƙarshensu shi ne za a rufe tebur a fuskarsa. Wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba, ba da yardar mai shi ba, mun san sunansa. Haka kuma wanda ya hango abokinsa a gaba ya je ya manne masa kamar tare suka zo, da wanda ya riƙe wa mutum biyar wuri. In da gaske lokacinka ya ƙure, akwai hanya mai tsabta. Ka gaya wa ma'aikaci, ko kuwa ka roƙi waɗanda suke gabanka a fili, ka nuna musu tikitinka. Sau da yawa za su ce, "Wuce, Allah ya kiyaye hanya." Abin da aka ba ka kyauta ne, abin da ka ƙwata kuwa sata ne.

Ta biyu ita ce cin hanci da neman alfarma. Wani zai matso kusa da kai ya ce a hankali, "Yallaɓai, kawo fasfo, yanzu zan gama maka, sai ka ba da na goro." Ko kuwa kayanka sun wuce awo da kilo 6, a nuna maka cewa in ka sa wani abu a hannu, sikeli zai rufe ido. A nan sai mu bambanta. In kamfani yana da teburin masu tikiti mai tsada, ko yana karɓar kuɗin ƙarin kaya ya ba da rasit, wannan ciniki ne a fili. Amma kuɗin da ake miƙawa a ɓoye, ba rasit, domin a danne hakkin wani ko a ɓoye nauyin kaya, toshiya ce, ko da wane suna aka kira ta. Fitowa 23:8 ta hana ta, Misalai 11:1 kuma ta nuna yadda Ubangiji yake ƙyamar ma'aunin algus. Gwamna Filikus ya riƙa kiran Bulus yana sa zuciya zai ba shi kuɗi, Bulus kuwa ya zauna a tsare shekara 2 bai ba da ko anini ba (Ayyukan Manzanni 24:26-27). In manzo ya jure shekara 2, mu ba za mu jure awa 2 ba? Muna kuka da masu karɓa, amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Wannan gargaɗi ya shafe mu masu aikin Ekklesiya musamman. Wani ma'aikaci mai bi zai ga farin wuyan rigar fasto ya ce, "Baba, taho nan gaba." Nufinsa girmamawa ne. Amma mutum 40 suna kallo, a cikinsu akwai waɗanda ba su taɓa shiga majami'a ba, abin da za su koya kuwa shi ne Kirista ma suna da nasu manyan da layi bai shafa ba. Yakubu sura 2 ta tsauta wa masu ba mai zoben zinariya wuri mai kyau su bar matalauci a tsaye. Ya fi kyau fasto ya ce, "Na gode, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ga tsohuwa can da sanda, ita za ka kai."

Ta uku ita ce fushi. Yarinyar da take zaune a bayan tebur ba ita ta kawo hazo ba, ba ita ta sayar da tikiti fiye da kujeru ba. Wataƙila tun asuba take nan, mutum ɗari sun riga sun yi mata tsawa. Misalai 15:1 ta koya mana abin da tattausar amsa take yi wa hasala. Ka gaishe ta, ka miƙa takardunka a shirye, ka yi mata sannu da aiki. Ko cikin taro ma haka ne. Mutum ɗaya mai ihu yakan ta da goma, mutum ɗaya kuma mai sanyin murya wanda ya ce, "Jama'a, mu daidaita layi, kowa zai samu," yakan kwantar da goma.

5. HAƘURI BAI HANA NEMAN HAKKI BA

Kada wani ya ɗauka cewa mai bi shi ne wanda za a cuta ya yi shiru kullum. Sa'ad da aka yi wa Bulus da Sila dūka a Filibi ba tare da shari'a ba, kashegari aka aiko a sake su a ɓoye, Bulus ya ƙi. Ya ce su Romawa ne, sai mahukunta sun zo da kansu sun fitar da su (Ayyukan Manzanni 16:35-39). Bai zagi kowa ba, bai fasa ƙofa ba, amma ya tsaya a kan abin da doka ta ba shi.

Haka nan, in an soke tafiyarka, ko an jinkirta ta ƙwarai, ko an hana ka kujera alhali ka zo a kan lokaci, kana da hakki. A Nijeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama, wato NCAA, tana da dokokin kāre fasinja, tana kuma karɓar ƙara. Ka nemi shugaban ma'aikatan, ka tambaye shi da ladabi abin da kamfani zai yi. Ka rubuta lokaci da abin da aka faɗa maka, ka adana tikiti da rasit. In ba a biya maka ba, ka kai ƙara a rubuce. Wannan ya fi dūkan tebur amfani, yana kuma taimakon waɗanda za su zo bayanka. In ka ga ana cutar wanda bai iya Turanci ba, ko wanda bai taɓa tafiya ba, ka tsaya masa kamar naka.

6. WANDA YA BAR WANI YA FARA

Ƙin tsallake layi adalci ne. Amma an kira mu ga abin da ya fi adalci. A Farawa 13 ƙasa ta kasa wa Ibrahim da Lutu saboda yawan dabbobinsu, makiyayansu suka soma faɗa. Ibrahim ne babba, shi aka yi wa alkawari, shi ya kamata ya fara zaɓe. Amma ya bar wa ɗan ɗan'uwansa. Lutu ya zaɓi kwarin Urdun mai ruwa, ya matsa kusa da Saduma, mun kuwa san ƙarshen wannan. Ibrahim ya iya sakin hannu domin ya san wanda ya riƙe rabonsa. Bayan rabuwarsu ne Ubangiji ya sāke tabbatar masa da alkawarin ƙasar duka.

A kowane layi akwai irin mutumin nan na bakin tafkin Baitasda, wanda ya shekara 38 da ciwo, kullum wani yana riga shi shiga ruwa domin ba shi da mai taimako (Yahaya 5:1-9). Ka duba kewaye da kai. Ga mace mai goyo tana jan akwati biyu. Ga tsoho wanda 'ya'yansa suka aiko masa da tikiti, yana riƙe da takarda bai san inda zai nufa ba. Kamfanoni sukan ba da keken marasa lafiya da mai tura shi in an roƙa, amma da yawa ba su sani ba. Ka gaya musu. Ka ɗaga wa wani akwati zuwa kan sikeli. In kana da sauran lokaci, ka ce, "Mama, shiga gabana." Amma ka lura, wurinka kaɗai kake da ikon bayarwa. In za ka sa wani a gabanka, ka nemi yardar na bayanka, ko kuwa kai ka koma wurin da shi ya fito.

7. SUNA A RUBUCE

Abu ɗaya ne yake sa a ba mutum kati a teburin nan, wato a sami sunansa a cikin jerin masu tafiya. Ƙarfin kafaɗa ba ya sa suna a ciki, babbar riga ma ba ta sawa. Wanda ya kutsa har gaba, in ba sunansa, zai koma. Wanda yake can baya, in da sunansa, zai shiga. Akwai kuma lokacin da ake rufe ƙofa, bayansa roƙo ba ya amfani.

Ubangijinmu ya yi irin wannan magana a kan Mulkin Sama. A Matiyu 25:1-13 'yan mata biyar sun tafi neman mai a lokacin da ya kamata su kasance a shirye, suka komo suka tarar an rufe ƙofa. A Luka 10:20 ya ce wa almajiransa abin murnarsu shi ne an rubuta sunayensu a sama. A Yahaya 14:1-3 ya yi alkawarin shirya wa nasa wuri. Ba mu muka biya kuɗin wannan tafiya ba, shi ya biya da jininsa a kan gicciye. Ya mai karatu, ka tabbata sunanka yana rubuce? In ba ka tabbata ba, kada ka bari sai gobe, ka tuba ka ba da gaskiya gare shi yau. In kuwa ka tabbata, to, bari a ga alamar wannan a jikinka ranar da ka tsaya cikin taro mai turereniya. Wanda aka shirya masa wuri a gidan Uba ba ya bukatar ya tattake kowa saboda kujerar awa ɗaya.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Me ya sa Yesu ya zaunar da taron kafin ya raba abinci? Me wannan yake koya mana a kan rabon abinci a bikin aure da taron Ekklesiya?
2. Mene ne bambancin kuɗin ƙarin kaya da "na goro"?
3. Dattijon da kake jin nauyinsa ya ba ka ƙunshi a ɗaure ka kai wa ɗansa. Yaya za ka roƙe shi ya buɗe ba tare da ka ɓata masa rai ba?
4. A wane hali ya dace mai bi ya karɓi alfarmar wuce layi, a wane hali kuma bai dace ba?
5. Yawancinmu ba mu hawa jirgin sama. A waɗanne layuka ne ake gwada mu, a asibiti, ko banki, ko gidan mai, ko bakin famfo, ko wurin rabon taki?

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, kai ne mai kiyaye fitarmu da shigarmu. Muna roƙonka saboda 'yan'uwanmu masu komawa wuraren aikinsu a wannan wata, ka kai su lafiya, ka ta'azantar da iyayen da suka bari a gida. Ka ba ma'aikatan filayen jirgi ƙarfi da gaskiya. Ka kawar mana da tsoron da yake sa mu ture maƙwabcinmu, ka tsare hannunmu daga toshiya, bakinmu kuma daga zagi. Ka buɗe idonmu mu ga marar ƙarfi a cikin taro. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.